Ina hadarin daren Talata ya nufa?

Malam Hamadu, Marwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina fata ruwan daren Talata bai yi wa kowa ɓarna ba. A nan unguwar Domayo ma'aunin da na kafa a tsakar gida ya kama milimita 47 tsakanin ƙarfe 9 na dare da wajen ƙarfe 1, kuma da gari ya waye kogin Mayo Kaliyawo, wanda ranar Litinin yara suke buga ƙwallo a cikin yashinsa, ya cika har yana lasar gindin bishiyoyin gaɓa.

Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne, tun daga ranar nake bin sawun hadarin a hotunan tauraron ɗan'adam, ina kwatanta su da lissafin hasashen yanayi na kwamfuta, na Turai da na Amurka. Gajimaren da ya zubar mana da ruwa ya mutu kafin azahar ta Laraba a kan ƙasar Bauci, amma igiyar iskar da ta ɗauko shi tana nan da ranta. Jiya ta haifi wani sabon hadari a yammacin Yamai, yau kuma tana kan Mali. Masana suna kiran irinta igiyar gabas, domin daga gabas take tasowa, daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur da gabashin Cadi, ta nufi yamma a cikin iskar da ke kaɗawa kimanin kilomita 3 sama da kawunanmu. A tsakiyar damina, duk kwana 3 zuwa 5 sai ɗaya ta ratsa mu, kuma daga nan zuwa gaɓar Senegal tafiyar kwana biyar ce ko kusa da haka.

Da nake koyar da labarin ƙasa nakan gaya wa yara cewa mafi yawan manyan guguwoyin da ke rushe gidaje a tsibiran Karebiyan da kudancin ƙasar Amurka daga irin waɗannan igiyoyi suke farawa, sai su yi dariya, suna ganin Malam yana so ne ya kambama garinsu. To ga shi yanzu kowa yana iya gani a wayarsa. Lissafin Turai yana nuna wannan igiya za ta faɗa teku ta dunƙule ta zama guguwa a kudancin tsibiran Kef Bad da ke yamma da Senegal, na Amurka kuwa yana nuna za ta watse. Ina son jin ra'ayin waɗanda suka fi ni sanin aikin.

Alhaji Bappa mai kilishi, Marwa

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sani, amma ka yi mini haƙuri, ni ban ga amfanin bin hadari har Amurka ba alhali abin bai iya gaya mini abin da zai faru a Marwa da la'asar ba. Makonni uku da suka wuce na yanka sa, muka feɗe naman falle-falle tun da sassafe, muka shimfiɗa a kan gadajen kara. Ɗana ya duba wata manhaja a wayarsa, ya nuna mini hoton rana tar daga safe har magariba, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. Da azahar naman ya sha iska, muka tsoma shi a labu, muka mayar shanya ta biyu, na tafi kasuwa da kwanciyar hankali. Kafin a kira la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da jar ƙura, ta kifar da gadaje huɗu, sauran kuma ruwa ya wanke labun ya bar naman fari fat kamar tsumma. Wanda ya faɗi ƙasa yashi ya shige shi, ba ya sayuwa ko an gasa. Na lissafa asarar ta haura sefa dubu 90.

Abin haushin, bayan kwana biyu manhajar nan ta ce za a yi ruwa tun daga hantsi, na hana yara yanka, muka wuni muna kallon sama, ko yayyafi ba a yi ba. Mahaifina bai taɓa riƙe waya ba, amma in ya fito da asuba ya ji yadda zufa take da inda iska ta dosa, yakan ce yau a shanya ko kada a shanya, kuma ba kasafai yake kuskure ba.

Abakar, Injamena

Baba Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma ina ganin laifin na manhajar ne, domin yawancin waɗanda ke zuwa a cikin waya ba sa faɗin ko wane lissafi suke amfani da shi. Ni a manhajar Windy nake dubawa, inda mutum zai iya zaɓar ECMWF na Turai, ko GFS na Amurka, ko ICON na Jamus, ya kwatanta su da kansa. Game da tambayar Malam, na ɗora hoton GFS na safiyar yau a sama. Ya sauya ra'ayi, yanzu yana nuna mahaukaciyar guguwa sosai a arewacin tsibirin Fotoriko nan da kwana 13, ta nufi Fulorida. Na riga na tura wa abokaina a wasu zauruka biyu domin masu 'yan'uwa a can su sanar da su tun da wuri.

Kawu Isa, Garwa

Na yi shekaru masu yawa ina aikin auna yanayi a filin jirgin sama kafin in yi ritaya, saboda haka bari in sa baki, kuma zan fara da Alhaji domin shi ne ya yi asara.

Alhaji, abin da ake kira lissafin hasashe ba ido ba ne da ke hangen Marwa. Babbar kwamfuta ce ake ba ta awon iska da zafi da laima na duniya baki ɗaya, ta yanka sararin sama gida-gida kamar dara, sa'an nan ta lissafa yadda kowane gida zai sauya bayan 'yan mintoci, ta maimaita haka dubban sau har ta kai kwanakin da ake so. A lissafin Turai faɗin kowane gida kimanin kilomita 9 ne, a na Amurka kimanin 13. Gajimaren da ke fara hadari kuwa sau da yawa bai kai faɗin gida ɗaya ba lokacin da yake tasowa, don haka kwamfutar ba ta ganinsa, ƙiyasta shi take yi. A ƙasashen Turai, inda ruwa yake zuwa da faffaɗan gajimare mai ɗaruruwan kilomita, wannan bai cika damun su ba. Mu kuwa mafi yawan ruwan shekararmu daga sahun hadari yake zuwa, irin wanda yakan tashi da yamma a kan duwatsun Gera wajen Mongo a Cadi ko wani tudu, ya jeru daga arewa zuwa kudu, ya tunkuɗo iska mai sanyi da ƙura a gabansa, ya yi ta gudu yamma cikin dare. Sanannen aibin waɗannan lissafai a yankinmu shi ne sukan kawo ruwan da wuri, tun da tsakar rana, su watsa shi kaɗan-kaɗan a ko'ina, alhali a zahiri yakan zo a makare, da ƙarfi, a wuri ɗaya, ya tsallake wani. Abin da ya same ka sau biyu ke nan.

Akwai kuma matsalar abin da ake ciyar da kwamfutar. A lokacinmu mukan cika balan-balan da iskar gas, mu ɗaura masa ɗan akwatin awo, mu sake shi ya hau sama da kilomita 20 yana aiko da zafi da laima da ƙarfin iska. Ƙa'idar duniya ita ce a saki sau biyu a rana, ƙarfe 1 na dare da ƙarfe 1 na rana agogonmu. Tashoshin da ke yin haka a kai a kai tsakanin Bahar Maliya da Dakar ba su da yawa, kuma a nan ne igiyoyin da Malam yake magana suke haihuwa. Wasu masu bincike na Karlsruhe a Jamus sun wallafa nazari a 2018, inda suka gwada hasashen ruwan sama na manyan cibiyoyin duniya a kan arewacin Afirka mai zafi, suka tarar ɗanyen hasashen, ko na gobe kawai, da ƙyar yake kamo wanda zai ɗauki tarihin ruwan shekarun baya ya ce yau ma haka za a yi. Wato mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ba da wasa yake gogayya da su ba.

Inda suke da ƙarfi shi ne manyan abubuwa: ko makon gobe zai fi wannan laima, ko iskar damina ta haura arewa har Faya a hamadar Cadi, ko ƙurar kwarin Bodele na can za ta taso ta rufe mu da hazo nan da kwana uku a lokacin hunturu. A kan hazo kam na sha ganin sun faɗa daidai har da ranar.

Abakar, ɗana, zan dawo kanka, amma kafin nan ina roƙonka ka koma zaurukan nan biyu ka goge hoton.

Hajiya Falmata, Injamena

Kawu, na gode da wannan bayani, ya warware mini wani abu, amma ya bar ni da wani. Mu a unguwar Waliya ba ruwan sama ne ya fitar da mu daga gida a 2022 ba. A watan Oktoba ne, damina ta riga ta ɗauke, rana tana dukan mutane, sai ga ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin katanga da dare. Mun cika buhuna da ƙasa mun jera a bakin ƙofa, kafin asuba ya haura su, muka ɗora katifu da buhun gero a kan kwalekwale muka fita ta titin da muke bi da mota. A watan ne gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliya. A 2024 kuma abin ya fi haka muni a ƙasar baki ɗaya, kusan mutum miliyan 2 ya shafa, sama da 500 suka rasu, har Tibesti can arewa da muka sani da duwatsu da rairayi ruwa ya ci mutane a watan Agusta.

Tun daga lokacin na saka manhajar yanayi har biyu a wayata, ina dubawa safe da yamma, to amma na lura ba abin da suke gaya mini game da kogi. In sun nuna rana sai hankalina ya kwanta, alhali ranar da muka fita ma rana ake yi. Shin a cikin lissafan nan naku akwai wanda zai gaya wa mai gida a bakin Shari ko Logon cewa ta fara ɗaure kaya?

Malam Hamadu, Marwa

Hajiya, tambayarki ta fi tawa amfani. Ruwan da ya shigo gidanki ba a Injamena ya sauka ba. Logon yana tattaro ruwansa daga tudun Adamawa wajen Ngaundere da arewa maso yammacin Afirka ta Tsakiya, Shari kuma daga arewacin Afirka ta Tsakiya da kudancin Cadi, su biyun su haɗu a tsakanin Injamena da Kusiri. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, ruwan yana tafiya a hankali yana malala cikin fadamu, shi ya sa markar Agusta da Satumba a kudu ba ta kai ƙololuwarta a wajenku sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Don haka wurin da za ki riƙa dubawa a taswira shi ne Mundu da Sar na kudancin Cadi, da Ngaundere, ba saman rufinki ba, kuma abin da ya fi kowane hasashe shi ne awon tsayin kogi da hukumomi suke sanarwa, na Bongor da na Sar da na Injamena kanta. Akwai tsarin Turai mai suna GloFAS da ke haɗa hasashen ruwan sama da lissafin gudun koguna, kowa yana iya buɗe shi, sai dai ni ina ɗaukarsa a matsayin mai nuna alkibla kawai, domin bai san inda aka yi sabuwar datsiya ko inda ta zaizaye a unguwarku ba.

Mu a Marwa namu akasin naku ne. Mayo yana gangarowa daga duwatsun Mandara cikin 'yan sa'o'i, ba ya ba da sanarwar makonni. Waɗanda suka ga yadda gadar Palar ta nan Marwa ta karye a 2020 sun san abin da nake nufi.

Malam Sale, Kusiri

Ina karanta ku tun safe, kuma wani ɗalibina ya tambaye ni ko irin wannan bin diddigi bai shiga da'awar sanin gaibu ba. Abin da na gaya masa shi ne, wanda ya hangi hadari ya haɗu a gabas ya ce a kwashe shanya bai yi da'awar komai ba, alama ya gani, kuma na'ura ƙara masa nisan hange kawai ta yi. Iyayenmu manoma ma suna lissafin taurarin damina, su Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne da kwanakinsa 13 ko kusa da haka, suna tsara shuka da noma a kansu, malamai ba su hana ba matuƙar ba a jingina saukar ruwan ga tauraron ba. Inda nake jan kunne shi ne lafazi. A ce ana sa ran ruwa in Allah ya so, kada a ce za a yi ruwa ƙarfe kaza kamar mai faɗin lokacin tashin jirgi. Daga bayanin Kawu Isa ma na fahimci cewa masu aikin da kansu ba sa yanke magana haka.

Abakar, Injamena

Kawu, na goge, amma da sauran magana a bakina. Ba kullum ne hasashen nesa yake zama banza ba. A 2012 lissafin Turai ya nuna guguwar Sandy za ta juyo ta afka wa gaɓar Amurka kusan mako guda kafin ta sauka a jihar Niyu Jasi ranar 29 ga Oktoba, lokacin da GFS yake cewa za ta ɓace cikin teku. Da mutane sun ce ai nesa ne, ba za su duba ba, da an yi asarar da ta fi haka. Kuma yanzu zamani ya sauya, akwai lissafai masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, irin GraphCast na Google da aka bayyana a 2023, da AIFS wanda cibiyar Turai ta fara aiki da shi a hukumance a Fabrairun 2025, waɗanda suke gama hasashen kwana goma cikin mintoci. Ina ganin tsoron da kuke yi na zamaninku ne.

Kawu Isa, Garwa

Madalla da ka goge, kuma ban ƙi misalinka ba, sai dai ka lura da abu biyu a cikinsa. Na farko, Sandy ta riga ta zama guguwa mai suna da cibiya a lokacin da ake wannan gardama, ana shiga cikinta da jirage ana aunawa. Taka kuwa har yanzu tana kan Mali, ba ta taɓa ruwan teku ba. Na biyu, mako guda daban, kwana 13 daban. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun 1963 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙane a awon farko yana girma yana ninkuwa har ya cinye hasashen gaba ɗaya, kuma iyakar da ake magana a kai wajen mako biyu ce. GFS yana fita sau huɗu a rana, kowane fita yana kaiwa kwana 16. Ka ajiye hoton safiyar yau, ka ɗauki na azahar da na dare, ka jera su, za ka ga guguwar taka ta yi tsalle daga Fulorida zuwa tsakiyar teku ko ta ɓace ɗungurungum. Masu bin guguwa a Amurka sun saba da wannan har suna yi masa ba'a.

Maganin abin shi ne ka daina kallon hasashe guda, ka kalli ayari. Cibiyar Turai takan ɗan jirkita awon farko ta sake lissafin sau 50, ban da na asali, Amurkawa kuma nasu ayarin 31 ne. In ka buɗe taswirar ayarin, a shafi irin Tropical Tidbits misali, za ka ga zare-zare kamar taliya. Idan sun tafi a dunƙule, akwai abin dogaro. Idan sun watse kamar garken da kura ta shiga, amsar gaskiya ita ce ba a sani ba tukuna. Na duba na safiyar yau: ƙasa da rabinsu ne suke dunƙule igiyar Malam, kuma a cikin waɗannan ma yawanci suna karkata arewa tun kafin su kai rabin teku.

Dalilin shakkar a fili yake. Guguwa tana bukatar ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 da rabi, da laima mai kauri, da iskar sama wadda ba za ta sare mata kai ba. Igiyoyi wajen 60 ne suke fita daga Afirka a shekara, kaɗan ne daga cikinsu suke samun suna, kuma babban abin da ke kashe su shi ne busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, wadda take fita teku a saman su. Ka ga mu ne muke aika igiyar, mu ne kuma muke aika abin da ke shaƙe ta. Amma in ta tsira, sai a ga irin Irma ta 2017, wadda ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agusta, ta kai gudun kilomita 285 a sa'a, ta daidaita tsibirin Barbuda ranar 6 ga Satumba.

Lissafan ƙirƙirarriyar basira kuwa na yarda sun nuna ƙwarewa wajen bin hanyar guguwa, amma daga tarihin awon baya suka koya, kuma inda awon ya yi ƙaranci, kamar nan, abin da suka koya ma ƙiyasi ne.

Hadiza, Ngaundere

Kawu, ashe daga nan hoton ya fito. Kafin azahar ya iso zauren danginmu, an yanke kwanan watan, an haɗa shi da saƙon murya wai guguwa za ta shafe Fulorida ranar Juma'a. Yayana yana aiki a Orlando ta jihar Fulorida, mahaifiyarmu ta kira shi sau bakwai, can kuma asuba ba ta yi ba, ta ƙi cin abinci sai da ta ji muryarsa. Wata gwaggonmu ma cewa ta yi tunda daga Cadi abin ya taso, to mu zai fara ci. Ina roƙon a gaya mini wurin da zan riƙa dubawa da kaina, domin in sami abin da zan nuna wa Inna.

Malam Hamadu, Marwa

'Yata Hadiza, ki ba Inna haƙuri, kuma ni ma ina da kaso a laifin tunda ni na tayar da zancen. Ki gaya wa gwaggo cewa irin wannan guguwa ba ta rayuwa sai a kan teku mai ɗumi, da ta hau tudu take fara mutuwa, mu kuwa tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomita, kuma tafiyarta yamma take yi, tana ba mu baya. Ko tsibiran Kef Bad da ke bakin hanyarta ba kasafai take dukan su da cikakken ƙarfi ba. Da guguwar Fred ta ratsa su a ƙarshen Agustan 2015, an ce rabon da a ga haka tun 1892.

Wurin dubawa shi ne shafin cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Mayami, wadda ake taƙaita sunanta NHC. Suna sa alama a kan duk igiyar da suke zargi, rawaya in yiwuwar ƙanƙanuwa ce, ruwan lemo in matsakaiciya ce, ja in babba ce, tare da kaso cikin ɗari na kwana 2 da na kwana 7. Ba a raɗa mata suna sai iskarta ta kai kilomita 63 a sa'a, ba a kuma kiranta cikakkiyar guguwa sai ta kai 119. In ta samu suna, duk sa'a 6 suke sabunta sanarwa, da wani zane mai kama da mazurari. Ki kula, mazurarin ba girman guguwar yake nunawa ba, yana nuna inda cibiyarta za ta iya bi ne, an auna faɗinsa da kurakuran shekaru 5 na baya, kuma sau ɗaya cikin uku cibiyar takan fita wajensa. Yau igiyar tamu rawaya ce kawai a wurinsu. Yayanki kuma hukumomin garinsu za su sanar da shi tun kafin mu.

Alhaji Bappa mai kilishi, Marwa

To na ji, an wanke na'ura an ce ba a yi ta domin kilishi ba. Amma Kawu Isa, yau ma nama yana kan gado tun safe, sa guda da rabi, kuma zufar da ake yi ba ta yi mini daɗi ba. In hasashen bai iya ba, me zan duba? Kada ka ce mini in koma wurin mahaifina, ya riga mu gidan gaskiya shekara 19 ke nan.

Kawu Isa, Garwa

Alhaji, Allah ya kai rahama kabarinsa. Ka bar hasashe, ka dubi abin da ya riga ya faru a gabas da kai. Taurarin Meteosat na Turai suna tsaye a kan Afirka suna ɗaukar hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 ma duk minti 10, har da na'urar ganin walƙiya. Ka ce wa ɗanka ya bar shafin da ke nuna rana da gajimare da lambobi, ya buɗe hoton tauraron, ya kunna shi ya ga motsin sa'o'i biyu ko uku da suka wuce. Abin da zai nema shi ne dunƙulen gajimare mai fari ƙal, ko mai ja in hoton mai launi ne, wanda yake kumbura yana matsowa yamma. Sahun hadari yakan yi kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. Daga Yagwa zuwa Marwa a miƙe kimanin kilomita 100 ne, ka ga in ya haye Logon kana da kusan sa'a biyu, wadda ta ishe ka kwashe gadaje ashirin.

Abin da wannan ba zai kama ba shi ne hadarin da ya haihu a kanku, musamman wanda duwatsun da ke kewaye da Marwa suke tayarwa da yamma. Wannan sai ido. In ka ga gajimare yana tashi tsaye kamar hasumiya, kansa ya fara bajewa kamar uwar maƙera, ga cida daga nesa, kada ka jira waya. Kuma ka nemi mutum ɗaya a Yagwa, ɗaya a Bogo, waɗanda za su kira ka da zarar iskar ƙura ta iso musu. Mu ma a filin jirgi, duk da na'urorinmu, mukan ji daɗi in tashar gabas ta riga ta sanar da mu.

Na buɗe hoton yanzu da nake rubutun nan. Akwai dunƙule babba da ya taso daga kudu da Mongo, gabansa ya kusa Bongor. Ko akwai ɗan zauren nan a wajen?

Adamu, Yagwa

Ina nan, Kawu. Yanzu ƙarfe 3 da minti 40, gabas ta haɗe tun daga Bongor, iska ta fara ɗaga ledoji a kasuwa, masu kifi suna ta rufe kwanduna, kuma masu kwalekwale sun daina haye kogi. Ruwan bai sauko ba tukuna, amma sanyinsa ya iso. Baba Alhaji, zan tura maka lambata ta akwatin sirri.

Alhaji Bappa mai kilishi, Marwa

Na gode, ɗana. A nan rana ce tar, manhajar yaron nan ma har yanzu rana take nunawa, amma na sa a fara shigar da na shanya ta biyu cikin rumfa, na farkon kuma a ba shi rabin sa'a ya ƙara shan iska. An hura wutar gashi. Malam Hamadu, ka zubar da ruwan da ke cikin ma'auninka, in an yi ka gaya mana milimita nawa ya kama.